Buhun Iri Daga Magariya

Gidan Ɓaure, ta Dogo-Dogo
Ranar Talata, tsakiyar bazara

Zuwa ga baiwata Mariya, ungozomar likita a Magariya,

Da sunan Allah nake farawa. Gaisuwa mai yawa daga ubangidanki Maiwada ɗan Musa, wanda kika yar kamar tsohon takalmi. Kar ki ɓata rai, ke 'yar mace ce ni ɗan namiji, haka muka tarar da taubasantaka. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da Zakariya. An ce yaron ya kwanta sosai, yaya jikin nasa? Mu nan sai godiya. Inna tana fama da ƙafa, Baba yana fama da mu, jakinmu kuwa ya rame har ina rataya hulata a ƙugunsa.

Kar ki ce me ya hana ni buga waya. Portabul ɗaya ce a gidan nan, ta yayana, kuma in ka hau tudu neman rezo don waya ta kama rabin gari ne ke biyo ka su ji da wa kake magana. Ni da boko kuwa ko gaisawa ba ma yi. Amma na tuna kin riƙe allo wajen Malam Mas'udu shekarun da kika zauna gun Kaka, to ga ajami nan, in kin manta ki tuno. Mahamadou mai moto, ɗan kabu-kabun nan, zai kawo miki. Ba ya karatu ko wane iri, shi ya sa na amince masa.

To ga magana. Ba mu da iri.

Bara tsutsar nan murzuna ta cinye zangarniya, dami ashirin muka ɗaure a inda muka saba ɗari. Baba ya ware dami biyu na iri ya ce ko mutuwa ake kar a taɓa. Sai matar yayana ta haifi tagwaye. Ranar suna ya ga baƙi sun cika zaure, ya ce ba za a ce an tashi gidan Musa da yunwa ba, da bakinsa ya sa aka sauke damin aka sussuka. An sha fura, an yi masa kirari. Yanzu kowace safiya sai ya hau rumbu ya leƙa, ya sauko yana gyaɗa kai don maƙwabta su gani. Ni ma na leƙa. Ba kowa ciki sai wani ɓera, shi ma da alama sallama ya zo yi.

Akuya ta tafi kasuwa tun tuni, abin da muke ci ke nan. Baba kuwa kin san shi, gara a binne shi da ya buɗe baki ya roƙi wani. Na ji kuna da 'yar gonar aro a bayan Magariya, an ce bara ta yi kyau. In akwai abin da kika ware, ki tuna da mu kafin ruwa ya sauka.

Baba bai san na rubuta ba. In ya sani, da fatata za a ɗinka gugan gidan nan.

Ubangidanki,
Maiwada

Magariya, 2 ga watan biyar

Maiwada,

Takardarka ta iso, na karanta, ajamin bai gudu ba. Ina gaida Inna da ƙafa, a ce ta rage tsayuwa a turmi. Mu lafiya, godiya ga Allah. Sanƙarau ne ya kama Zakariya, kwana goma sha ɗaya muna kwance a likita. Yanzu yana gudu yana ɓarna, sai dai kunnensa na hagu bai dawo ba.

Ubangidan da ke roƙon baiwarsa, a kanka na fara ji.

Bari in tuna maka wani abu, ko ka manta. Shekara biyu da suka wuce, wa ya aiko cewa maciji ya sari Kawu Musa, yana kwance yana kiran sunana? Na bar mace a kan gwiwa a hannun abokiyar aikina, na hau moto da tsakar rana da magani a jaka, ina kuka har ɗankwalina ya jiƙe. Na tarar da Kawu a gindin bango yana cin goro. Ya ɗago ya ce mini “Lafiya?” kamar ya ga mai karɓar lanho, wato haraji. Kai kuma kana bayan danga kana riƙe ciki don dariya.

To wannan karon mene ne? Labarin ɓeran ya yi daɗi, kuma daɗin nasa ne ya sa ban yarda ba. Wanda yunwa ke ƙofarsa ba ya tsara zance haka. Iri kake so, ko rediyo ka gani a kasuwar Sassumbrum kana neman abin da za ka kai a musanya?

Lubabatu ta garinku za ta zo awo mako mai zuwa. Zan tambaye ta. Mai ciki ba ta yi wa ungozomarta ƙarya.

Mariya

Gidan Ɓaure
Ranar Asabar

Yaya Mariya,

Kin ga yau har da Yaya, ki san abin ya kai. Ina gaishe ki, ina yi wa Zakariya sannu. Ki ce masa kunne ɗaya ma ya isa, yawancin abin da ake faɗa a duniya bai cancanci biyu ba. Mu muna nan yadda kika sani.

Maganar maciji na yi laifi, amma ba ki san tushenta ba. Baffa Altine, ƙanen Baba, shi ya ce a majalisa wai tun da uwarki Gwaggo Karima ta auri Kirista jini ya tsinke, ko gawa aka fitar daga gidan nan ba za ki taka ba. Na ce za ki zo. Ya ce ƙarya. Kika zo. Dariyar da kika ji shi nake yi wa, ba ke ba. To, rabi shi rabi ke, don yadda kika diro daga moton nan sai da kika ban tausayi.

Ni haka Allah ya yi bakina, ko a makabarta sai ya nemi abin dariya. Ba shi ke nuna cikina a ƙoshe yake ba. Ki tambayi Lubabatu, ki sa mata har wannan abin da kuke sawa a kunne ki saurari gaskiyar daga ciki. Amma ki hanzarta. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da la'asar, mutane sun fito da sungumi suna gyara ƙota.

Maiwada

Magariya, 17 ga watan biyar

Maiwada,

Ina gaishe ku duka, da tagwaye da uwarsu. Mu lafiya lau. Lubabatu ta zo. Ban ma gama tambaya ba ta rufe baki da mayafi, ta ce duk gari an sani, kara kawai ake yi wa Kawu. Ka yi haƙuri, wannan karon ban yi maka adalci ba. Karo ɗaya cikin goma.

Ga buhu nan wajen Mahamadou, tiya goma, ɗan gajeren gero ne mai kwana saba'in. Za ka ga ya yi ja, maganin ƙwari na barbaɗa masa. Kar a ci, kar a bar kaji kusa.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba, don kar ka ji a bakin wani. Shekaranjiya ranar wani waliyyi ce a wajenmu, sunansa Izidor, shi muke ce wa waliyyin manoma. A ranar kowa yana kai irinsa majami'a, Mompe, wato limaminmu da ke zuwa daga Damagaram, ya yi addu'a ya yayyafa ruwa. Buhun nan yana cikin waɗanda aka kai.

Izidor ba sarki ba ne, ba malami ba. Ɗan barema ne a ƙasar Ispaniya, shekara wajen ɗari tara da suka wuce. Ya tsufa yana noma gonar wani, bai mallaki ko faɗin tabarma ba, kuma kullum bakinsa godiya. Yadda aka ba mu labari, abokan aikinsa sun kai ƙararsa, wai sai rana ta ɗaga yake zuwa don yana tsayawa ibada. Mai gonar ya zarge shi da ha'inci, ya je ya laɓe don ya kama shi. Sai ya hango wasu fararen shanu suna huɗa kusa da na Izidor, ba a san mai su ba, aikinsa kuma ya fi na kowa. Wata rana cikin tsananin sanyi zai kai hatsi niƙa, ya ga kurciyoyi sun takure ba abin ci, ya kwance buhu ya zuba musu rabi. Abokin tafiyarsa ya yi ta yi masa dariya. Da aka niƙa, gari ya cika buhu. Amma labarin da ya kama ni shi ne na ɗansa. Yaron ya faɗa rijiya mai zurfi, ba igiyar da za ta kai. Shi da matarsa suka durƙusa a bakin rijiyar suna roƙo, ruwa ya yi ta tasowa har ya miƙo musu shi da ransa.

Ni ruwa bai taso mini ba, allura ce da ƙarin ruwa kwana goma sha ɗaya. Amma bakin rijiyar nan na san shi, na durƙusa a wurin. Ran da Zakariya ya buɗe ido ya ce kunu yake so, na yi wa Allah alkawari irin da na ware bana ba ni zan shuka ba, zan bayar don godiya. Ban san wa zan ba ba, sai ga takardarka. Shi ya sa na tsananta bincike, ban so godiyata ta ƙare a rediyo.

In da hali ku fara da gonar Gawo, gonar uwata. Kafin ta rasu tana yawan cewa ƙasar wurin ba ta ƙin iri. Zan so in ji gero ya tsaya a inda ta yi noma.

Mariya

Gidan Ɓaure
Ranar Litinin, bayan ruwan farko

Yaya Mariya,

Gaisuwa da godiya, buhu ya iso lafiya. Ina fata kuna ƙalau. Mu jiki lafiya, sauran kuwa ki saurara.

Waliyyin nan naku ya burge ni. Mutum ya makara zuwa gona a ce masa waliyyi! Ni shekara nawa ina makara, sunan da Baba ke kirana da shi ba ya rubutuwa da tawadar da ake rubuta sunan Allah.

Yanzu ki zauna, na yi ɓarna.

Na ɓoye buhun a ɗakin Inna ina tunanin ta inda zan ɓullo wa Baba. Sai ga Baffa Altine ya shigo neman wuta, ya ga bakin buhu, ya ga ja, ya ce wannan fa? Wallahi bakina ya riga hankalina. Na ce irin majami'a ne, an yi masa wanka. Wanda ya ci tuwonsa, ran Lahadi ƙafarsa ba za ta yarda ta je gona ba, jakin da ya ci karansa kuwa in ya ji ƙararrawa sai ya durƙusa. Na zaci zai zage ni a wuce wurin. Sai na ga yana ja da baya yana a'uziyya, har ya manta wutar. Kin san mutanenmu, abin da aka yi wa tofi ya ɗauki tofi, kamar rubutun sha suke ganinsa. Kafin la'asar labari ya kai bakin rijiya, har an ƙara cewa jan nan layunku ne aka daka a ciki.

Na ruga wajen Malam Mas'udu na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, “Ruwa ne fa aka yayyafa. In an shuka, na sama zai sauka a kansa sau talatin. Wanne zai rinjayi wani?” Ya maimaita haka a ƙofar masallaci, maganar ta mutu. Sai dai ta riga ta kai kunnen Baba.

Ya kira ni zaure, ya ce in ba shi takardar. Ya karanta sau biyu. Ni na zaci kan ruwan zai tsaya, ko kallonsa bai yi ba. Ya ɗora yatsa a kan inda kika rubuta “gonar uwata” ya ce, “Ka ga ramin, ka ga wutsiyar.”

Kin san tarihin fiye da ni. Da kakanmu ya rasu gonar Gawo ta faɗo a rabon Gwaggo Karima. Da ta auri babanki, malamin lakwal, makarantar boko, Baba ya ce wanda ya bar gida ya bar gona, shekara talatin ke nan yana nomanta. Yanzu cewa yake in aka je gaban mai gari, abin da za a fara tambaya shi ne, bana irin wa aka zuba a ciki? Ya ce yau iri, gobe shaidu, jibi takardar jastis, wato kotu. Ya sa na fito da buhun zaure, wai in mayar miki. Na ce moton Mahamadou ya lalace. Bai lalace ba.

Ran Alhamis aka yi ruwa, ƙasa ta jiƙa har kamu guda. Duk gari ya fita da sungumi, har kutare. Mu muna zaune, Baba yana ce wa masu wucewa bayansa ne ya riƙe.

To ni ma tun da ya faɗa abin yake cina. Me ya sa ba ki ce mu shuka inda muka ga dama ba? Ni mai ɗana wa mutane tarko ne, na san yadda ake yi: tsaba a sama, igiya a ƙarƙashi. Har waliyyin da kika zaɓo mini, duk cikin waliyyanku sai mai noma gonar da ba tasa ba? Mu kike nufi? Wato mu ne 'yan barema, ke ce mai gona kina laɓe kina kallo?

Ki faɗa mini gaskiya tsakaninki da Allah. Gonar kike so?

Maiwada

Gidan Ɓaure
Ranar Alhamis

Mariya,

Ina gaisuwa. Inna ƙafar ta yi sauƙi, amma ta daina magana da kowa.

Kwana goma ba amsa. Mahamadou ya ce ya ba wata mata a likita, ta ce za ta ba ki. Baffa Altine ya je Magariya ranar kasuwa, ya dawo ya rantse ya gan ki da idonsa kina shiga meri, ofishin magajin gari, da takardu cike da hammata. Baba da ya ji, ya sa babbar riga ya ɗauki goro ya tafi gidan mai gari.

Geron maƙwabta ya kai tsawon yatsa. Tamu gonar tana nan fari fat kamar faranti, duk mai wucewa sai ya rage tafiya ya kalla. Buhunki yana zaure, na ɗora shi a kan turmi saboda gara. Kullum sai na wuce shi sau ashirin.

In shiru ne amsarki, na ji. Ki duba takardar nan daga sama har ƙasa, ba wasa ko ɗaya a ciki. Ban taɓa rubuta irinta ba.

Maiwada

Magariya, 9 ga watan shida

Maiwada,

Ina gaida kowa. Mu lafiya, sai gajiya. Jiya na dawo daga ƙauyukan Sassumbrum, kwana goma sha biyu muna rigakafin yara, na tarar da takardunka biyu a aljihun tebur. Na karanta su a tsaye.

Ka ce wa Kawu Altine idonsa lafiya lau, ni ya gani, ana gobe za mu tafi ƙauyukan. Takardun haihuwar jarirai ne, kowane wata ni ke kai su meri. Har na tagwayenku zan kai in kun ga damar kawowa.

Ka ce in faɗi gaskiya, to ga ta, ba za ta yi maka daɗi ba. Gonar Gawo ta uwata ce. Ba zan ce ba tata ba ce don ran Kawu ya yi sanyi. Ta mutu tana ambaton gawon nan. Kuma Kawu bai yi hauka ba da ya ji tsoro: shekara huɗu da suka wuce na je har ƙofar jastis, na tsaya, na juyo. Ban juyo don na yafe ba, na ce ne sai na shirya.

A bakin gadon Zakariya na gama da maganar. Ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, na ga da za a ba ni gonakin Dungas kaf a ce in ba da numfashinsa ɗaya, ba zan bayar ba. Aka bar mini shi kyauta, ban biya da komai ba. Ta yaya zan ɗaga hannu ɗaya ina godiya, ɗayan a dunƙule a bayana? Izidor kuwa kaina na yi wa wa'azi da shi, ba ku ba. Wa ke noma gonar aro tsakanina da ku?

Na ambaci gonar Gawo ne don ina kewar uwata. Shi ke nan. Ashe a gidanku ko kewa sai an bincika ƙarƙashinta.

Ka karanta wa Kawu wannan da ƙarfi: Ni Mariya 'yar Karima na bar wa kawuna Musa gonar Gawo halak malak. Ba zan nema ba, ɗana ba zai nema ba. In yana son shaidu ya tara su, zan zo in faɗa a gabansu.

Ku shuka inda kuka ga dama, ko a kan rufin zaure ne. Amma ku shuka, Maiwada. Kwana saba'in ɗin nan ba su fara ƙirguwa ba sai ya shiga ƙasa.

Mariya

Gidan Ɓaure
Ranar Asabar

Zuwa ga baiwata Mariya,

Kin ga sarauta ta dawo, ki san an samu sauƙi. Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki da Zakariya. Inna ta fara magana, kuma da ni ta fara, ba kuma addu'a ba ce. Na zarge ki, na ji kunya, kar ki sa in maimaita don ba zan iya sau biyu ba.

Na karanta wa Baba da ƙarfi yadda kika ce. Na zaci zai yi hamdala. Sai ya miƙe tsaye har hularsa ta faɗi. “Ta bar mini? Wa ya ba ta da za ta bar mini?” A nan na gane inda gizo ke saƙa. In ya karɓi kyautarki, ya yarda ke nan shekara talatin yana cin haƙƙin ƙanwarsa. Zargin ma ya fi masa sauƙin haɗiya. Ya ce kafin azahar buhun nan ya bar masa gida.

Ni kuwa ɗa ne mai biyayya. Na ɗora wa jaki, na fitar da shi daga gidan, na sauke a ƙofar Malam Mas'udu. Na ce, “Malam, abin da aka aiko wa mutum da sunansa, na wane ne?” Ya ce nasa ne. Na ce, “In ya ba malaminsa sadaka fa?” Ya ce ya zama na malamin. Na ce to ga sadaka. Ya dube ni ya dubi buhun, ya ce, “Ja'iri. Da haka ka riƙe karatu da yanzu kai ke jan salla.”

Washegari da hantsi, mutane na zaune a ƙofar zaurenmu, sai ga Malam da kansa da irin a cikin tsohon buhunsa. Ya ce, “Musa, an kawo mini sadakar iri, ni kuma tawa gonar ta riga ta tsira. Na ba ka kyauta. Ka san kyautar malami ba a mayarwa.” Baba ya sa hannu ya ɗebo. Ja wur. Kowa ya gani, jan nan ba ya ɓoyuwa. Baffa Altine ya buɗe baki, Malam ya juya ya ce, “Altine, yaya jakinka, ya fara durƙuson?” Aka fashe da dariya, ya rufe. Baba ya dubi tafinsa. Can ya ce, “Allah ya saka da alheri, Malam.”

Na san za ki ce na bi da godiyarki ta bayan gida. Amma ke kika ce ba mu kika yi wa ba, Allah kika yi wa, Shi kuwa canjin buhu ba ya ruɗa Shi.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi ruwa mai kyau, ran Lahadi muka fita, ƙafar kowa ta yarda. Baba ne gaba da sungumi, ciwon bayan nan ya warke. Da muka kai mararraba na zaci babbar gona zai nufa. Ya karya hagu, sai gonar Gawo. Yana sara, ni da yayana muna zubawa muna rufewa da diddige. Kwana biyu muka gama duka gonakin. Yanzu geron ya fito, sai gefen yamma da ya yi giɓi. Ban ce mun tsira ba, mun makara da mako uku. In ruwa ya kai mu ƙarshe za mu ci, in ya ɗauke da wuri sai abin da Allah ya yi.

Jiya muna hutawa a gindin gawon, daga ni sai shi, yana kallon tsiron. Can ya ce, “Wannan mutumin nasu, na shanun.”

Na ce, “Izidor.”

Ya ce, “Ban tambaye ka sunansa ba. Shi mai gonar, da ya laɓe ya ga ba cutarsa ake yi ba, me ya ce masa?”

Na ce takardarki ba ta faɗa ba, amma zan rubuta in tambaya. Ya ce, “Ba a takarda ba. Irin wannan a baki ake ji.” Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya yi gaba, sannan ya ce ba tare da ya waiwayo ba, “Ta zo da yaron.”

To kin ji. Ki zo kafin mu shiga noman firi. Kuma ki tambayi Mompe ɗinku da kyau kafin ki taso, don ina jin duk abin da mai gonar nan ya ce, shi Baba zai ce.

Ubangidanki,
Maiwada